Haihuwa a ƙasar waje da riƙe ƙasa biyu: abin da doka ke bayarwa da abin da take ɗorawa

Tambaya: Idan aka haifi yaro a ƙasar da ba ta iyayensa ba, ya zama ɗan wannan ƙasar ke nan kai tsaye? In ya zama, zai iya haɗawa da ta iyayensa? Kuma mai ƙasa biyu, wacce ke binsa biyayya ranar da suka saɓa?

Malam, tambayoyin nan naka uku tushensu ɗaya ne, don haka bari mu fara da shi. Babu wata hukuma ta duniya da ke raba wa mutane ƙasa. Kowace ƙasa ita ke rubuta dokar da ke faɗin su waye 'ya'yanta, kuma Yarjejeniyar Hague ta 1930 ta tabbatar da haka a sashenta na farko. Saboda kowace tana rubuta tata ba tare da shawartar maƙwabciya ba, yaro ɗaya na iya faɗawa inda dokoki biyu ko uku duk suka ce nasu ne, wani kuma ya faɗa inda kowace doka ta ce ba ruwanta da shi. Mutane da yawa masu ƙasa biyu ba su taɓa cike takardar neman komai ba, da ita aka haife su, wasu ma har su tsufa ba su sani ba.

Hanyoyi biyu ne manya. Akwai hanyar wurin haihuwa, inda ƙasar da cibiyarka ta faɗi ke karɓarka. Akwai hanyar jini, inda kake gadon ƙasar uba ko ta uwa ko a ina aka haife ka. Ƙasashen da ke bayarwa don haihuwa kawai, ba tare da duba matsayin iyaye ba, talatin da 'yan kai ne, kuma kusan dukkansu a nahiyar Amurka suke: Amurka, Kanada, Meziko, Brazil, Ajantina da makamantansu. Turai da Asiya da ƙasashen Larabawa da galibin Afirka jini suke bi. Wanda aka haifa a Saudiyya iyayensa baƙi, haihuwar ba ta mayar da shi Basaudiye. Haka abin yake a Sin da Japan.

Ta Amurka ce aka fi magana a kai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1868 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar, kuma yake ƙarƙashin ikon dokarta, ɗan ƙasa ne. An yi shi ne bayan yaƙin basasa don a soke hukuncin Dred Scott na 1857, wanda ya ce baƙar fata ba zai zama ɗan Amurka ba. Wanda ya gwada ƙarfin wannan gyara shi ne Wong Kim Ark, haifaffen San Francisco da iyayensa 'yan Sin ne. Ya je ziyara Sin, da ya dawo a 1895 jami'an tashar jirgin ruwa suka hana shi sauka, suka ce dokar hana 'yan Sin shigowa ta 1882 ta hau kansa. A 1898 Kotun Ƙoli, alƙalai shida a kan biyu, ta ce ɗan ƙasa ne tun ranar da aka haife shi. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan ta "ƙarƙashin ikon doka". Da ita aka cire 'ya'yan jakadun ƙasashen waje, tunda dokar Amurka ba ta kama iyayensu. Da ita kuma aka daɗe ana cire 'yan asalin ƙasar na ƙabilun Indiyawa, sai a 1924 majalisa ta yi musu doka ta musamman. A kan wannan kalma Shugaba Trump ya jingina umarnin da ya sa wa hannu ranar 20 ga Janairu 2025, na hana 'ya'yan baƙin da ba su da takardu ko masu biza ta ɗan lokaci zama 'yan ƙasa. Kotunan tarayya sun dakatar da umarnin, shari'ar kuma ta kai Kotun Ƙoli.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar Birtaniya kamar Amurka. Da haka take, amma daga 1 ga Janairu 1983 ta daina. Yanzu sai ɗaya daga cikin iyaye ya kasance ɗan Birtaniya ko mai izinin zama na dindindin a ranar haihuwar. Ɗalibi ko ma'aikaci mai biza ta wasu shekaru, ɗansa ba ɗan Birtaniya ba ne ko da an haife shi a tsakiyar Landan. Ƙofar da ta rage ita ce idan yaron ya yi shekarunsa goma na farko a can, bai bar ƙasar fiye da kwana 90 a kowace shekara ba, zai iya neman a yi masa rajista. Ostireliya ta bi sahu a 1986, Ailan a 2005 bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004, Niu Zilan a 2006. Jamus kuwa ta wancan ɓangaren ta taho: da jini kaɗai take bi, a 2000 ta fara ba 'ya'yan baƙi idan uba ko uwa ya yi shekara takwas a ƙasar bisa doka, a watan Yuni 2024 ta rage zuwa biyar. A Faransa ɗan baƙi yana zama Bafaranshe ne a shekara 18, idan yana zaune a can kuma ya yi aƙalla shekara biyar a ƙasar tun yana ɗan 11.

Hanyar jini ma tana da iyaka, kuma a nan ne iyaye ke shan mamaki bayan shekara ashirin ko talatin. Ɗauki jaririn da aka haifa a Amurka aka tafi da shi yana da wata biyu, bai sake komawa ba. Shi ɗan Amurka ne har ya mutu. Amma in ya girma ya auri wadda ba 'yar Amurka ba, suka haihu a waje, ba zai iya miƙa wa ɗansa ƙasar ba sai in ya zauna a Amurka da jikinsa shekara biyar kafin haihuwar, biyu daga ciki bayan ya cika 14. Birtaniya ma zuriya ɗaya take bari kai tsaye: wanda ya gaji zama ɗan Birtaniya alhali a waje aka haife shi, nasa ɗan da aka haifa a waje ba ya gada sai an bi hanyar rajista mai sharuɗɗa. Iyayen jaririn Amurkan nan kuma ba su sami izinin zama ba don sun haife shi a can. Sai ya kai 21 zai iya nema musu, kuma sai ya nuna yana da mazauni a Amurka da kuɗin shigar da zai riƙe su. Tun Janairu 2020 jami'an biza na da umarnin hana bizar ziyara ga wadda suka fahimci babban dalilin tafiyarta shi ne haihuwa don samun fasfo, kuma ƙarya a wurin neman biza tana iya jawo haramcin shiga na har abada.

Tambayarka ta biyu ba ta amsuwa da dokar ƙasa ɗaya. Dole dukkan ƙasashen biyu su yarda, ko aƙalla su kau da kai. Amurka, Birtaniya, Kanada, Faransa, da Jamus tun 2024, ba su hana ba. Sin ta hana: dokarta ta 1980 ba ta san ƙasa biyu ba, kuma ɗan Sin da ke zaune a waje da ya karɓi wata ƙasa da son ransa, tasa ta faɗi nan take. Indiya ma haka, har laifi ne mutum ya ci gaba da tafiya da fasfonta bayan ya karɓi wani. Katin da take ba 'yan asalinta na waje tun 2005 izinin shiga da zama ne na tsawon rai, ba ya ba da damar zaɓe ko fasfo. Japan tana barin yaro ya riƙe biyu, amma tana so ya zaɓa kafin ya cika 20; a da 22 ne, kuma a wancan wa'adin ne 'yar wasan tanis Naomi Osaka ta zaɓi Japan a 2019. Saudiyya sai da izinin gwamnati tun kafin a karɓa. A Afirka iska ta juya cikin shekaru talatin da suka wuce: Gana ta yarda a 1996, Kenya a 2010, Nijar a 2014, Laberiya a 2022, yayin da Habasha da Kamaru ba su buɗe wa manya ba. Nijeriya ta raba abin gida biyu a sashe na 28 na kundin 1999: ɗan ƙasa ta haihuwa zai iya karɓar wata ƙasa bai rasa komai ba, amma wanda ya samu ta rajista ko ta daɗewar zama, in ya karɓi wata da ba tasa ta haihuwa ba, ta Nijeriya ta suɓuce masa.

Abin da nake so a kiyaye a nan shi ne bambancin ƙasar da aka haife ka da ita da wadda ka nema da hannunka. Dokoki da yawa suna yi wa ta farko uzuri, tunda jariri bai zaɓi komai ba, amma suna hukunta ta biyu. Kuma faɗuwar tana zuwa ne shiru, babu wasiƙa, babu sanarwa. Mutum ya yi rantsuwar zama ɗan wata ƙasa yau, tsohon fasfonsa na nan a aljihu da sauran shekara shida a jikinsa, yana ta tafiya da shi, sai ranar sabuntawa a tambaye shi ko ya karɓi wata ƙasa. A ranar zai gane cewa ya yi shekaru yana amfani da takardar da ba shi da haƙƙi a kanta, kuma 'ya'yan da ya haifa bayan rantsuwar ba su gaji komai daga wannan ɓangaren ba. Jamusawa da yawa sun faɗa wannan rami kafin 2024, don dokar lokacin ta ce sai an karɓi izinin riƙewa a rubuce kafin a karɓi ƙasar da ba ta Tarayyar Turai ko Suwizalan ba, kuma izinin da ya zo bayan rantsuwa ba ya mayar da komai.

Ga kuma akasin haka. Rantsuwar zama ɗan Amurka tana ɗauke da kalmomin yin watsi da biyayya ga kowace ƙasa ta waje. Mutane na ɗauka da sun furta shi ke nan sun fita daga tsohuwar ƙasarsu. Ba su fita ba, sai in dokar tsohuwar ƙasar ce ta ce sun fita. Birtaniya, misali, ba ta ɗaukar wannan furuci a bakin komai. Sai ka cike takardar barinta ka miƙa mata ta yi rajista.

Sai batun biyayya. A wurin doka biyayya ba ta nufin abin da ke zuciya, don kotu ba ta da ma'aunin soyayya. Nauyi ne da ake iya lissafawa: bin doka, biyan haraji, amsa kiran soja inda ake kira, da rashin taimakon maƙiyi a lokacin yaƙi. Mai ƙasa biyu kowace daga cikinsu na binsa wannan nauyin cikakke, ba rabi-rabi ba. Shari'ar Tomoya Kawakita ta nuna ƙarshen abin. A Kalifoniya aka haife shi, iyayensa Japanawa, ya tafi Japan a 1939 ya zauna yana karatu, yaƙi ya rutsa da shi a can. Ya yi tafinta a wata ma'adana da ake sa fursunonin yaƙi na Amurka aikin ƙarfi, kuma shaidu sun ce ya gallaza musu. Bayan yaƙi ya koma Amurka da fasfonta, sai wani tsohon fursuna ya gane fuskarsa a wani kanti a Los Angeles. A kotu ya ce shi ɗan Japan ne a lokacin, biyayyarsa ga Japan take. A 1952 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da laifin cin amanar ƙasa. Ta ce mai ƙasa biyu da ke zaune a ɗayar zai iya yin abin da dokar wurin ta tilasta masa, amma zaluncin da ya yi da ganin damarsa bai shiga wannan uzuri ba. An yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, a 1963 aka sake shi bisa sharaɗin ya koma Japan.

A ra'ayina wannan hukunci ya kama daidai, don aikin mutumin ya duba, bai ƙidaya fasfonsa ba. Ita Amurkar da kanta ta daɗe tana ƙwace ƙasa daga wanda ya yi zaɓe a waje, har sai da Beys Afroyim, wanda ya kaɗa ƙuri'a a Isra'ila a 1951, ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 1967. Daga nan, musamman bayan shari'ar Terrazas ta 1980, sai an nuna mutum ya yi niyyar barin ƙasar kafin a ce ya rasa ta. Zargin raba biyayya kuwa ya sha zama makamin siyasa, kuma ɓarnar da ya yi ba ƙarama ba ce. A Zambiya an gyara kundi a 1996 aka ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai iyayensa duka haifaffun ƙasar, wanda hakan ya fitar da Kenneth Kaunda, mutumin da ya mulki ƙasar shekara 27. A Kodebuwa sharaɗi irin wannan a kundin 2000 ya hana Alassane Ouattara takara, kuma rikicin waye ɗan ƙasa na asali yana cikin abin da ya jefa ƙasar yaƙi a 2002. A Jamhuriyar Dominika hukuncin kotun tsarin mulki na 2013 ya koma baya har 1929 ya cire jikokin baƙi, galibinsu 'yan asalin Haiti, mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai ita.

Duk da haka, ƙasa na da hujja in ta ce wasu kujeru sai mai ƙasa ɗaya, kuma mai sha'awar siyasa ya karanta sharaɗin harafi-harafi. A Ostireliya sashe na 44 na kundi ya hana mai wata ƙasa zama ɗan majalisa. A 2017 allura ta tono garma: Sanata Larissa Waters ta sauka don an haife ta a Kanada, duk da an bar can da ita ba ta cika shekara ba, kuma kotu ta sauke mataimakin firaminista Barnaby Joyce don ya gaji Niu Zilan ta wajen mahaifinsa bai sani ba. Kotu ta ce rashin sani ba uzuri ba ne. A Gana kujerar ɗan majalisa James Gyakye Quayson ta faɗi a 2023 saboda ranar da ya miƙa takardar takara a 2020, shaidar barin Kanada ba ta iso ba tukuna, duk da ya riga ya nema. Ranar da takardar ta fito ita ake kallo.

Kariyar ofishin jakadanci ma tana da giɓi. Sashe na 4 na Yarjejeniyar Hague ɗin nan ya ce ƙasa ba za ta kare ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne ba. In aka kama ka a ɗaya daga cikin ƙasashenka, ɗayar roƙo kawai za ta iya yi. Nazanin Zaghari-Ratcliffe, 'yar Birtaniya da Iran, an tsare ta a Tehran daga 2016 zuwa 2022, kuma Iran ta tsaya a kan cewa 'yarta ce ita kaɗai. Ƙasa ta biyu tana kuma sauƙaƙa a ƙwace ta farko, tunda abin da ke ɗaure hannun gwamnatoci shi ne haramcin barin mutum ba shi da ƙasa. Da Birtaniya ta ƙwace ta Shamima Begum, wadda ta tafi Siriya ta shiga ƙungiyar IS, a 2019, hujjarta ita ce ta gaji Bangaladesh ta wajen iyaye, ƙasar da ta ce ba ta san ta ba.

Nauyi biyu ne suka fi kama mutane ba shiri, haraji da soja. Kusan duk duniya inda kake zaune ake bin ka haraji, amma Amurka tana bin ɗanta ko ina yake. Iritiriya ma tana karɓar kashi 2 cikin 100 daga 'ya'yanta na waje. Jaririn nan da aka tafi da shi yana wata biyu, in ya girma kuɗin shigarsa ya kai mizani, wajibi ne ya riƙa cike takardar haraji duk shekara, kuma ya bayyana asusunsa na waje in jimillarsu ta wuce dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne. Galibi ba ya biyan komai saboda rangwamen da ake yi, amma tarar rashin cikewa tana da nauyi. Tun bayan dokar FATCA ta 2010, wadda Amurka ta yi don bankunan waje su riƙa ba ta bayanin asusun 'ya'yanta, bankunan duniya suna duba wurin haihuwa a fasfo, suna neman lambar harajin Amurka. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya kuma haifaffen Niyok, sai da ya biya Amurka haraji kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye ƙasar a 2016. Ta fannin soja kuwa, Koriya ta Kudu ce misali mafi tsauri: namijin da ya gaji ƙasar, in bai ajiye ta kafin 31 ga Maris na shekarar da zai cika 18 ba, ƙa'idar ita ce ƙofa ta rufe sai ya yi aikin soja ko ya wuce shekarunsa.

Ga mai shirin haihuwa a waje, dokoki uku zai karanta kafin ranar: ta wurin haihuwa, ta uba, ta uwa, kuma yadda suke a wannan shekarar, don ranar haihuwa ce ke yanke wace doka ta hau kan yaro. A duba ta uwa da kyau, domin ƙasashe sama da ashirin, irin su Lebanon da Kuwait da Katar, ba su ba uwa damar miƙa ƙasa daidai da uba ba, kuma a nan ne yara ke tashi ba su da ƙasa in uban ba ya nan ko bai iya miƙa tasa. Bayan haihuwa a karɓi cikakkiyar takardar haihuwa daga hukumar rajista, mai ɗauke da sunayen iyaye biyu. Katin asibiti ba ya wadatarwa. A kai ta ofishin jakadancin ƙasar iyaye da wuri, wasu na da wa'adi: Amurka, misali, ba ta ba da shaidar haihuwar waje bayan yaro ya cika 18. A tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne harafi da harafi a dukkan takardu, don Muhammad a wannan fasfo da Mohammed a wancan ya isa ya tsayar da mutum a filin jirgi ko ya jinkirta masa gado. A wurin tafiya, a shiga kowace ƙasa a fita da fasfonta. Amurka ma doka ce a wurinta.

In kuma ajiyewa za a yi, kada a saki ta hannu sai sabuwar ta tabbata a rubuce. Ajiye ta Amurka sai mutum ya je ofishin jakadanci da kansa a wajen ƙasar ya yi rantsuwa. A 2014 an ɗaga kuɗin zuwa dala 2,350, ana neman ya nuna ya sauke nauyin harajin shekara biyar, kuma mai dukiyar da ta kai dala miliyan 2 na iya biyan harajin fita. Iyaye ba su da ikon ajiye wa ƙaramin yaro ita. Saboda haka yaron da ke da ƙasa biyu, a zaunar da shi tun yana 16 ko 17 a nuna masa takardunsa da wa'adin kowace ƙasa, domin yawancin ranakun zaɓi da na rajistar soja tsakanin 18 da 22 suke faɗowa.